Ba kowane magini ke iya kwamin kifi ba

Darasinmu na yau kan wanda za ka damƙa wa ginin kwaminka ne, kuma da kaina zan fara.

Shekarar da na gama bautar ƙasa na tattara ɗan abin da na tara, na ce zan gina kwami biyu na kankare a bayan gidanmu a nan Birnin Kebbi. Na kira wani dattijo da ya gina gidaje da dama a unguwarmu. Da na ce a sa rodi a kusurwoyi, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake gini." Na ce, "Haka ne Baba," na ja bakina. Wata biyu da zuba 'ya'yan tarwaɗa bango ɗaya ya tsage daga ƙasa, kullum da safe sai in tarar ruwa ya sauka. Mutumin bai cuce ni ba wallahi, ɗaki ya iya ginawa, ɗaki kuma ya gina mini.

Bangon ɗaki nauyin rufi yake ɗauka daga sama, shi kuwa bangon kwami ruwa ne ke tura shi daga gefe dare da rana. Lita 1,000 ta ruwa nauyin tan ɗaya ce. Kwami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da ruwa mai zurfin mita 1, tan 12 ke nan a zaune, kuma a gindin bango turin ya fi ƙarfi.

Don haka kafin maganar kuɗi, ka ce ya kai ka kwamin da ya gina wanda ya shekara da ruwa a ciki. Kar ka yarda da hoto a waya. Ka je ka shafa bangon ta waje, in akwai danshi ko farin gishiri-gishiri, yoyo yake yi. Sannan ka koma wani lokaci kai kaɗai ka tambayi mai wurin, domin mutanenmu ba sa kushe mutum a gaban idonsa.

Sai ka yi masa tambayoyi ka saurara. Yaushe zai sa bututun fitar da ruwa? In ya ce bayan an gama sai a fasa a sa, to ka sallame shi cikin mutunci, tun kafin a zuba kankare ake dasa shi. Daɓen fa? Dole ya ɗan gangara zuwa mafitar, in ba haka ba kashin kifi da ragowar abinci su kwanta, kai ta kwasa da tsintsiya. Bulo mai inci 9 ake so, a cike ramukansa da kankare, ginshiƙi da rodi a kowace kusurwa, filastar ciki kuma da maganin hana yoyo.

Masu fili kusa da fadamar Rima, ta wajen Argungu ko nan ƙasan gari, ku ƙara kula. Laka tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana motsa abin da aka ɗora mata. Ku tambayi manoman wurin inda ruwa ya kai a ambaliyar 2020. In aikin babba ne, kuɗin da za ka ba injiniya mai rajistar COREN ya duba ƙasar bai kai na rushe kwami ɗaya ba, ga kuma waɗanda suka karanci gini a Waziri Umaru Federal Polytechnic nan cikin gari.

Kaya ka saya da kanka, ka biya kuɗin aiki daban. Buhun siminti kilo 50 ne, ka riƙa ƙirga buhunan da aka zazzage duk yamma. Ba zargi ba ne, lissafi ne. Sabon kankare kuma yana son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, balle a zafinmu na Afrilu da ke haura digiri 40. Ku yi magana tun farko, wa zai yi ban ruwan nan, shi ko kai?

A rubuta komai a takarda da shaidu biyu, ko da ɗan uwanka ne. Ni yanzu kashi uku nake biya: kafin alƙalami kaɗan, na biyu in bango ya tashi, na ƙarshe sai kwami ya ci jarrabawa. Ka cika shi, ka yi alama a bango, ka ajiye bokitin ruwa mai alama a gefe, ka ba su kwana uku. Rana za ta sha duka biyun. In na kwami ya fi na bokiti sauka sosai, akwai inda yake zurarewa, gyaran kuma a wuyansa yake tunda cikon kuɗinsa na hannunka.

Ko ya ci jarrabawar, kar ka zuba kifi. Sabon siminti yana sakin sinadarin da ke kashe 'ya'yan kifi. Ka jiƙa shi mako biyu zuwa uku kana canza ruwa kana wanke bangon, sannan ka saka guda goma ka ga yadda za su kwana biyu kafin ka kawo sauran.