Shawarwari Ga Magidantan Yakasai Kan Siyasa Da Zumunci

A Yakasai yanzu sai ka tarar a gida ɗaya wa yana sa jar hula, ƙane yana Gandujiyya, uwargida kuma tana da nata gwanin tsakanin Sarki Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. Bambancin ra'ayi ba laifi ba ne, gaba ita ce illa. Ga abin da maigida zai iya yi.

1. Ba wa yara tarihi. Su san cewa rigimar ba yau aka fara ba. An yi NEPU da NPC tun daga 1950 zuwa sama. PRP ta ci Kano a 1979, ba a jima ba ta dare gida biyu: Santsi na Abubakar Rimi da Taɓo na Malam Aminu Kano. A tarzomar 10 ga Yuli, 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara. Ina Santsi da Taɓo yau? Dattijon unguwar nan, Alhaji Tanko Yakasai, ɗan NEPU ne na gaske, amma ya zama mai ba Shugaba Shehu Shagari na NPN shawara. Ganduje kuwa sau biyu yana mataimakin Kwankwaso, a 1999 da 2011, kafin su ɓata. Manya suna rabuwa su shirya idan buƙatarsu ta zo. Kai da ka daina gaisawa da maƙwabcinka saboda su, ba wanda zai zo ya shirya ku.

2. Kafa doka a gida: a soki aiki, kada a zagi mutum. A yi gardama kan ruwan famfo, makaranta da asibiti, ban da iyaye da asali.

3. Rage sauraron sojojin baka a gaban yara. Da yawansu sana'a suke yi, kuma ba abin mamaki ba ne gobe ka ji mutum yana wanke wanda ya zaga jiya. Haka saƙon murya na WhatsApp: wanda ba ka san tushensa ba, kada ka tura wa dangi.

4. Biki, suna, dubiya da ta'aziyya ba su da jam'iyya. Mata, a nan ku ne ginshiƙi: kada a hana katin gayyata ko gudummawa don launin hular mijin wata.

5. Sa ido kan samari lokacin kamfe. Wanda ke ba ɗanka ƙwaya da 'yan kuɗi ya yi masa jagaliya, nasa 'ya'yan suna makaranta. In yaro ya fara kwana a waje ko shigowa da makami, a sanar da mai unguwa tun kafin abin ya zama daba.

6. Nemo aikin da ya haɗa kowa: yashe kwata kafin damina, kwashe shara, gyaran taransifoma, share maƙabarta. In za a je wajen kansila ko shugaban ƙaramar hukumar Birni, a tafi da 'yan kowane ɓangare, don kada a ce koken 'yan adawa ne.

7. Idan an saɓa, dattawa da liman su shiga tsakani da wuri; sharaɗin dai kada liman ya bayyana nasa ɓangaren a masallaci.

Magidanta, wanda ya san akwai ɗan'uwa ko maƙwabcin da ya ƙaurace wa tun zaɓen 2023, ya daure ya je ya gaishe shi Juma'ar nan.