Yaɓe, rigar gida

Kartum da Omdurman birane ne na ƙasar Sudan. Kogin Nilu ne ya raba su.

A shekarar 1885 Mahadi ya ci Kartum da yaƙi. Mutanensa suka zauna a Omdurman, suka gina gidaje da ganuwa da ƙasa. Magini yakan kwaɓa ƙasa, ya ɗora sahu ɗaya, ya bari ya bushe, sannan ya ɗora wani. Mutanen Sudan suna kiran wannan gini "jalus". Ɗakin jalus yana da sanyi da rana, kamar ginin Damagaram ko na Agadas.

Amma ginin ƙasa ba ya shiri da ruwa. Shi ya sa kafin damina ake yi masa yaɓe. Ana haɗa ƙasa da kashin dabbobi da ruwa, a bari su ruɓa kwanaki, sannan a shafe bango. Sunan wannan yaɓe "zibala". Mu ma muna da namu, wato makuba, wadda ake samu daga ɗorawa.

A watan Agusta na 1988 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kartum da Omdurman. Gidajen ƙasa da yawa suka jiƙe, suka faɗi. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka rasa wurin kwana.

Yanzu mu nufi gabas, bakin Bahar Maliya. Can akwai tsohon garin Sawakin, inda alhazai, har da Hausawa, suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Maginan Sawakin sun yi gini da duwatsun da suke ɗebowa daga teku. Sukan ƙona wasu duwatsun a wuta mai ƙarfi, su zuba musu ruwa, su zama farar ƙasa. Da ita suke yaɓe gidaje, su yi fari fat. Farar ƙasa tana kare bango daga ruwan sama da iskar gishiri, kuma tana barin danshin ciki ya fita. Siminti ba ya haka. In an shafa shi a bangon ƙasa, sai ya riƙe danshi, ya tsage, ya ɓamɓare.

Da aka gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Port Sudan, ƴan kasuwa suka bar Sawakin. Babu mai sabunta yaɓe. Gidajen benen nan masu kyau suka yi ta rushewa ɗaya bayan ɗaya.

Tambayoyi
1. Yaya ake ginin jalus?
2. Me ya faru a Kartum a 1988?
3. Don me gidajen Sawakin suka rushe?

Aiki
Ku je wurin wani magini a garinku. Ku tambaye shi da me yake yaɓe, kuma a wane wata.