Kiyaye Ƙasar Noma da Ruwa Sana'a Ce

Iska tana kwashe ƙasar gona, rairayi yana cike fadamu. Yaƙi da wannan ɓarna sana'a ce, kuma tana da ma'aikatanta.

Na ɗaya, malamin gandun daji. Shi ke renon itatuwa, yana koya wa manoma sassaben zamani, wato barin tohon gawo a gona ana yi masa aski. Gawo yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa gero rana, ga kuma taki.

Na biyu, malamin gona. Shi ke nuna yadda ake haƙa tassa da rabin wata, ramukan da ke riƙe ruwan sama a fako.

Na uku, ma'aikacin ruwa, mai auna wurin rijiya da madatsa.

Ana koyon waɗannan ayyuka a makarantar IPDR ta Kollo, kusa da Yamai. Mai son bincike yana iya neman aiki a INRAN, wadda aka kafa a 1975.

Iyaye, ku bar yara maza da mata su ƙare karatu. Ƙasar Matamaye tana bukatarsu.