Darasi: Makoki Domin Sojan da Ya Mutu da Rauni

Karatu: 2 Labarbaru 35:20-25. Aya ta haddacewa: Yaƙub 1:27.

Yosiya ya hau gadon sarautar Yahuda yana da shekara 8, ya yi mulki shekara 31. Sa'anda Fir'auna Neko ya fito daga Masar za shi Karkemish, Yosiya ya tare shi a kwarin Magiddo. Neko ya aika masa ya janye, amma ya ƙi. Maharba suka harbe shi, barorinsa suka sake masa karusa, suka kai shi Urushalima. Can ya mutu da raunin nan, bai kai shekara 40 ba.

Mu lura da abin da jama'a suka yi. Littafi bai ɓoye mana cewa sarki ya ƙi jin gargaɗi ba. Duk da haka dukan Yahuda suka yi makoki, Irmiya ya yi masa waƙar makoki, mawaƙa maza da mata kuwa suka riƙa ambatonsa har abin ya zama ka'ida cikin Isra'ila. Ba su bar wa iyalinsa kaɗai nauyin tunawa da shi ba.

Mu mutanen Tsohuwar Maiduguri mun san irin wannan mutuwa. Tun daga watan Yuli 2009, sa'anda fitina ta tashi a garin nan, an kawo samari sojoji da yawa daga daji da rauni, Kirista da Musulmi. Waɗansu sun cika a hanya, waɗansu a asibiti, aka binne su a maƙabartar barikin Maimalari, nesa da garuruwan iyayensu. Ƙasa tana tunawa da su kowace ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Wannan daidai ne, amma rana ɗaya ba ta ciyar da maraya. Kadan saurayi ya zubar da jininsa domin mu kwana lafiya, ikilisiya ta ci bashi, gwauruwarsa da 'ya'yansa ne kuwa za ta biya.

Tambayoyi:
1. Don me jama'a suka yi makokin Yosiya ko da ya ƙi jin gargaɗi?
2. Akwai gwauruwar soja a unguwarmu wadda ba mu gaishe ta ba tun bayan jana'iza?
3. Wanene a cikinmu zai ɗauki kuɗin makarantar maraya ɗaya bana?

Bari mu yi addu'a domin masu jinyar rauni yau, da masu yi musu magani.