Baƙo da Dokar Shige da Fice: Abin da Ya Faru a 1983

Kafancan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun da aka gama haɗa hanyar dogo a 1927, wadda ta taso daga Fatakwal ta rabu a nan, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos, garin ya zama matattarar ma'aikata da fatake. Da arzikin man fetur ya bunƙasa bayan 1970, sai maƙwabta suka yi ta kwararowa Nijeriya daga Gana da Nijar da Togo da Cadi da Kamaru: malaman makaranta, teloli, magina, masu gyaran takalma, masu gadi. Garuruwan da ke kan hanyar dogo sun sami rabonsu.

Da yawa daga cikinsu sun shigo ne bisa yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, suka sa wa hannu a Dakar a 1979. Abin da ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar shi ne izinin shiga ba biza, ya zauna kwana 90. Ba ta ba shi izinin zama na dindindin ko kama aiki ba. A nan ne mutane suka yi sake. Kwana 90 suka zama shekara biyar, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya, ba wanda ya waiwayi takarda.

Ran 17 ga Janairu, 1983, farashin mai ya riga ya faɗi, aiki ya yi wuya, Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwar cewa duk baƙon da ba shi da cikakkiyar takarda ya bar ƙasar cikin mako biyu. Daga baya aka ƙara wa masu sana'a, irin su malamai da nas-nas da kafintoci, wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. An ƙiyasta mutane kusan miliyan 2 ne suka fita, wajen rabinsu mutanen Gana. Gana kuwa ta rufe iyakarta tun 1982, ba ta buɗe ba sai ƙarshen Janairu, saboda haka dubban mutane suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Apapa da kan iyakar Seme, wasu ma suka rasa rayukansu. Nijeriya ba ita ta fara ba, gama Gana ta kori baƙi haka a 1969, 'yan Nijeriya da yawa a ciki. Amma wannan bai rage wa kowa wahala ba. An kuma sake korar a 1985.

A ɗauki misalin tela mutumin Gana da ke haya a Kafancan, ya auri 'yar Kagoro, suna da 'ya'ya uku. Mako biyu ba su isa ya karɓi bashin da yake bi ba, balle ya sayar da kekensa da daraja. Sai ya karyar. Shi doka ta kora, ba ta kori matarsa da 'ya'yansa ba, don su 'yan ƙasa ne. Ko dai su bi shi ƙasar da ba su san kowa ba, ko gida ya rabu biyu.

Ya kamata jama'a su san matsayin irin wannan iyali a yau. Bisa Tsarin Mulki na 1999, wanda aka haifa a Nijeriya, muddin uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya neman a yi mata rajista ta zama 'yar ƙasa. Baƙon da ya auri 'yar Nijeriya kuwa ba a buɗe masa wannan ƙofa ba. Sai ya bi hanyar da kowane baƙo ke bi, wadda cikin sharuɗɗanta akwai zaman shekara 15.

Dokar Shige da Fice ta 2015 ce ta maye gurbin ta 1963. Ɗan ƙasashen ECOWAS da ke nufin wuce kwana 90, wajibi ne ya je ofishin Hukumar Shige da Fice ya nemi katin zama kafin wa'adinsa ya cika. Mai gona ko mai makaranta ko ɗan kwangila da zai ɗauki baƙo aiki, shi ma sai ya duba takardarsa tukuna, gama doka ba baƙon kaɗai take kamawa ba, har da wanda ya ɗauke shi.