Cunkoso a Ƙofar Makaranta

Daga ƙarfe bakwai da rabi zuwa takwas na safe, duk wanda ya bi ta ƙofar wata babbar makaranta a Daura ya san abin da zai tarar. Babura sun gicciye hanya. Keke Napep ta tsaya a tsakiyar kwalta tana sauke yara. Mai mota yana ta danna oda, mai kurar ruwa ya rasa ta inda zai bi. Ga mai awara da mai rake sun kafa a bakin ƙofa, yara sun yanyame su da kuɗin tara. Amma da ƙarfe takwas da kwata ta yi, sai ka ga titi fayau.

To, me ya kawo haka?

Da farko, gari ya bunƙasa. Masarautar Daura tana da ƙananan hukumomi 5: Daura, Zango, Ɓaure, Sandamu da Mai'aduwa, kuma mutanensu da yawa suna da hulɗa da cikin gari kullum. Hanyar Kano da ta biyo ta Kazaure, da hanyar Katsina da ta biyo ta Mashi, da wadda ta nufi Kwangwalam a kan iyakar Nijar, duk a Daura suke haɗuwa. A 2019 an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, daga baya Jami'ar Sufuri ta Tarayya ta buɗe. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa sun ƙaru, kuma kusan kowa lokaci ɗaya yake fita.

Sai dai yawan abin hawa ba shi ne babban dalili ba. Kowa a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. An ce macijin da ke ciki ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ka ga ke nan gari guda, rijiya guda, rana guda, dole a yi turereniya. Haka ƙofar makaranta take. Kowa yana son ya tsaya a wuri ɗaya, a cikin 'yan mintoci ɗaya.

Mu yi lissafi. A ce bakin ƙofa yana ɗaukar abin hawa 2 a lokaci guda. A ce kowane uba yana tsayawa minti 1. A cikin minti 15, mutum 30 za su sauke yaransu su wuce. Idan mutum 60 suka zo a wannan lokaci, 30 za su taru a kan titi suna jira. Idan kuma kowa ya tsaya minti 2, mutum 15 kaɗai za su wuce, 45 su yi cirko-cirko. Dubi yadda minti ɗaya tak ya ɓata al'amari.

Ina wannan minti yake tafiya? A bakin ƙofa ne uba yake laluben aljihu yana neman canjin kuɗin tara. A nan ake ɗaure igiyar takalmi. A nan yarinya take tuna ta bar littafin lissafi a gida. A nan kuma ake gaisawa. Mutum yana kan babur, inji na aiki, ya miƙa wa maƙwabcinsa hannu:

"Malam, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Alhaji. Ya muka ji da hazo?"

Gaisuwa abu ne mai kyau, ba mai cewa a daina. Amma mutum goma suna bayanka. Ka matsa gaba ka faka, sannan ku gaisa har ku gaji.

Maganin farko yana cikin gida. Tun da dare a haɗa littattafai cikin jaka, a ajiye kayan makaranta da takalmi wuri ɗaya, a ware wa kowane yaro kuɗin tararsa. Da sanyin safiya ake kama fara: wanda ya fita bakwai da kwata zai sauke yara ya dawo kafin titi ya cika. Wanda ya tsaya sai takwas saura kwata, shi zai yi ta gudu, kuma shi zai makara.

Na biyu shi ne wurin tsayawa, kuma a ganina ya fi komai amfani. Ba dole ne tayar babur ta taɓa ƙofar makaranta ba. Ka nemi wani fili ko bakin lungu mai nisan taku ɗari ko ɗari biyu, a ɓangaren titin da makarantar take. Ka sauke yara a nan su ƙarasa da ƙafa, kana kallonsu. In ƙanana ne ƙwarai, ka kashe babur ka riƙe hannunsu. Kada ka sauke yaro a tsallaken titi ka ce masa "ruga". Kada kuma ka yi kwana a gaban ƙofa, domin mai juya abin hawa yana tare hannu biyu na titi gaba ɗaya. Ka ci gaba ka zagayo ta wata hanya.

Akwai wani abu game da babur da ya kamata a lura. Tun 1972 a hannun dama ake tuƙi a Nijeriya, don haka gefen titi yana damanka, motoci suna wucewa ta hagunka. Salansar babur kuwa a dama take, kuma tana da zafin da ke sale ƙafar yaro. Shi ya sa yara suke sauka ta hagu, wato ta wajen motoci. Saboda haka ka sauka daga kwalta sosai kafin ka tsaya. A mota da Keke Napep kuwa, ta dama yaro zai fita. Ɗora yara huɗu ko biyar a babur ɗaya, wani a kan tanki, wani a kan kariya, ganganci ne. Rami ɗaya ya isa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Gida uku a lungu ɗaya, yaransu makaranta ɗaya, me zai sa babura uku su fita? Ana iya yin karɓa-karɓa, ko a haɗa kuɗi a ɗauki mai Keke Napep guda wanda aka san gidansu, a biya shi a wata, a kuma yi masa iyakar yaran da zai ɗauka.

Inda makaranta ba ta da nisa, ƙafa ta fi. Yaro yana cin kilomita 1 a cikin kamar minti 20. A ƙasar Japan yaran firamare da yawa a ƙungiya suke tafiya makaranta da ƙafa, manya a cikinsu suna kula da ƙanana. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka yaran unguwa suke tafiya makarantar allo da Islamiyya. Abin da za a ƙara shi ne babban mutum ɗaya mai rakiya, a koya musu bin gefen hagu na titi suna fuskantar motoci. Wajen tsallakawa su tsaya, su dubi hagu, su dubi dama, su sake duban hagu.

Masu wucewa su ma da nasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda yara suke cuɗanya da ababan hawa. Mai gudun kilomita 50 yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarsa ta kai burki. Hukumar ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. A lokacin hunturu, da hazo yake rufe hanya da safe, sai a ƙara sassautawa a kunna fitila.

Sauran aiki na taron iyaye da malamai ne. A nan za ku roƙi shugaban makaranta ya buɗe ƙofa da wuri, ya ware ta shiga da ta fita in akwai biyu, ya sallami ƙananan azuzuwa minti goma kafin manya. Mai unguwa zai iya nema wa masu talla wuri a gefe ba tare da an hana su neman abinci ba. Ana kuma iya rubuta takarda zuwa ga jami'an kiyaye haɗurra na tarayya ko hukumar KASSAROTA ta Jihar Katsina, a nemi su riƙa turo jami'i safe da lokacin tashi. Idan haɗari ya faru, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Aikin gida: ka zana hanyar da yaranka suke bi daga gida zuwa makaranta. Ka sa alama a inda suke tsallaka titi, da inda za ka riƙa sauke su. Ka rubuta lokacin fitarku da lokacin isarku daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ka kwatanta.