Darasin Kasuwanci: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Auna Zaɓin Masu Saye

Tun daga watan Yuli na shekarar 2016, lokacin da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, tashar Idu ta zama matattarar matafiya da masu sayar musu da abin sha da abin taɓawa. Mai shago a irin wannan wuri yana da ɗan fili da ɗan jari, don haka tilas ya san kayan da zai ajiye da kuma farashin da zai sa musu.

Masana tattalin arziki suna da hanyar lissafi ta warware wannan matsala, kuma an gwada ta a harkar jirgin ƙasa. A farkon shekarun 1970, Daniel McFadden na Jami'ar Kaliforniya ya binciki zaɓin ma'aikata a yankin San Faransisko ta Amurka, inda ake gina sabon jirgin birni. Hukuma ta yi hasashen kashi 15 cikin 100 za su hau jirgin, shi kuwa lissafinsa ya ba da kashi 6.3. Da jirgin ya fara aiki, sai aka sami kashi 6.2. Wannan hanya ce ta kai shi ga lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000.

Ga yadda hanyar take. Ana ba kowane kaya maki gwargwadon farashinsa da ingancinsa, sannan a ba tafiya ba tare da saye ba nata makin. Rabon kowane kaya shi ne makinsa bisa jimillar maki. Alal misali, a ce ruwan gora yana da maki 5, lemon kwalba 3, rashin saye 2. Cikin matafiya 100, mutum 50 za su sayi ruwa, 30 lemo, 20 su wuce.

Idan lemo ya ƙare, jimillar maki ta koma 7: kimanin 71 za su sayi ruwa, 29 su wuce. Wato mutum 9 ne kawai suka kuɓuce wa mai shago, sauran 21 sun koma kan ruwa. Haka nan idan ƙarin farashi ya rage makin ruwa zuwa 4, masu sayensa za su ragu zuwa 44, masu sayen lemo su ƙaru zuwa 33. Da wannan ne zai gane ko ribar ƙarin ta rufe asarar masu saye.

Sai dai masana sun yi gargaɗi cewa kayan da suka yi kama da juna suna cin kasuwar juna ne. Ajiye ruwan gora iri uku yana ɗaure jari, ba ya ninka ciniki.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar rayuwa ta sa masu saye suna lura da kowace naira. Saboda haka, bayan rubuta abin da ya sayar, ya kamata ɗan kasuwa ya riƙa rubuta abin da aka nema aka rasa, da abin da mai saye ya ɗauka a madadinsa. Daga wannan littafi ne zai fitar da makin kayansa.